Furen Kabewa: Baƙon Da Muka Bari A Ƙofa

Daminar bara na shuka kabewa a bayan ɗakina. Kullum da safe sai in tarar furanni ruwan ɗorawa sun buɗe, kafin azahar sun yi yaushi, yawancinsu su zube ba ɗa ba jika. Na zaci cuta ce. Ashe kabewa fure iri biyu take yi. Macen tana da ɗan ƙullutu a gindinta, shi ke zama kabewa. Namijin siririn kara gare shi, aikinsa kawai ya bai wa ƙudan zuma garin da za su kai wa macen. Mazan sun fi yawa, su ne nake sharewa in zubar.

Da na bi sawun tarihi sai kunya ta kama ni. Mai karatu, kabewar da muke alfahari da ita a miyar taushe baƙuwa ce. Duman ƙwarya ne ɗan Afirka, ita kuwa daga nahiyar Amurka ta fito. A kogon Guilá Naquitz da ke jihar Oaxaca ta ƙasar Meziko an tono 'ya'yanta, binciken da aka wallafa a 1997 ya nuna sun kai shekara 10,000 da shukawa. Sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492 ta tsallako teku. Tsakanin 1515 da 1518 har an zana ta a rufin gidan Villa Farnesina a birnin Rum.

Mutanen Meziko ba sa zubar da furen. Suna naɗe shi da cuku cikin wainar masara, ko su yi romo da shi. Mutanen Rum sukan cusa masa cuku da ɗan kifi mai gishiri, su tsoma a ƙullun fulawa su soya. Ni kuwa a gidanmu ɗan kawai muka sani.

Yanzu da sassafe nake tsinkar mazan, in bar biyu ko uku saboda zuma. In cire tsinken ciki, in kaɗe ƙwari, in tsoma a ƙullu in soya da man gyaɗa. Ranar farko Inna ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, fure kuma? Yunwa ake yi?" Da ta ɗanɗana sai ta miƙo kwano a ƙara mata.