Keɓaɓɓen Yankin Teku na Galapagos

Keɓaɓɓen Yankin Teku na Galapagos wani yanki ne a tekun Pasifik da gwamnatin Ekwador ta keɓe domin kare halittun ruwa. Yana kewaye da tsibiran Galapagos, kimanin kilomita 1,000 yamma da gaɓar ƙasar. Faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 133,000, kuma iyakarsa ta miƙe har mil 40 na teku daga tsibiran.

Halittu

Igiyoyin ruwan sanyi da na ɗumi suna haɗuwa a wannan wuri, shi ya sa ake samun halittun da babu irinsu a ko'ina, kamar ƙadangaren teku mai nutso ya ci ciyawar ruwa. Akwai kuma kunkurun teku, da garken kifin shak mai kan guduma a kusa da tsibiran Darwin da Wolf.

Tarihi

An kafa yankin a shekarar 1998 bisa wata doka ta musamman da aka yi wa Galapagos, bayan kamun kifi ba ƙaƙƙautawa ya fara ƙarar da wasu halittun. A 2001 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya, tare da tsibiran da ta riga ta sanya tun 1978.

Gudanarwa

Hukumar Gandun Dajin Galapagos ce ke kula da yankin, sojojin ruwan Ekwador kuma suna taimaka mata da sintiri da kame. Doka ta hana manyan jiragen kamfanoni yin su a ciki. Ƙananan masunta mazauna tsibiran, masu lasisi, su kaɗai aka yarje wa, su ma an ƙayyade musu wurare da lokuta. An haramta kamun shak baki ɗaya. Saboda girman yankin, hukumar tana bibiyar jirage ta hanyar tauraron ɗan'adam kafin ta tura kwalekwalen sintiri.

Aiwatar da doka

A watan Agusta na 2017 aka kama jirgin dakon kifi na ƙasar Sin mai suna Fu Yuan Yu Leng 999 a cikin yankin, ɗauke da kusan tan 300 na kifi, ciki har da shak sama da 6,000. Kotu ta yanke wa ma'aikatansa 20 ɗaurin shekara ɗaya zuwa huɗu, da tarar kusan dala miliyan 6.

Sai dai ikon hukumar iyakarsa bakin yankin, alhali shak da kunkuru suna ƙaura zuwa nesa. A 2020 jiragen su fiye da 200, galibinsu na Sin, sun taru a gefen ruwan Ekwador, inda dokar ƙasar ba ta kai ba.

Faɗaɗawa

A watan Janairun 2022 shugaba Guillermo Lasso ya sa hannu kan dokar kafa wani sabon yanki mai suna Hermandad, mai faɗin murabba'in kilomita 60,000, domin kare hanyar da halittun ke bi zuwa ruwan Kosta Rika. An hana su gaba ɗaya a rabinsa, a ɗaya rabin kuma an hana amfani da doguwar igiya mai ƙugiyoyi. A 2023 Ekwador ta ƙulla yarjejeniyar rage bashin da ake bin ta, bisa sharaɗin ware kuɗi duk shekara don tsaron ruwan Galapagos.