Tsofaffin Tukwanen Taba da Yadda A Ke Gane Darajarsu

Cikin kayan da mutanen dā suka bari, kaɗan ne masu shi suka raina kamar lofe, watau tukunyar taba. Da kuɗi ƙalilan a ke sayensa, in ya karye kuwa a jefar a sayi wani. Amma yanzu a Turai da Amurka akwai mutane da yawa waɗanda suka duƙufa ga tara tsofaffin tukwanen taba, suna jera su, suna gwada wannan da wancan, har a birnin Amsterdam na ƙasar Holan akwai gidan ajiyar kayan tarihi wanda kansu ya ke. Masu wannan sha'ani sun san daraja iri biyu ce ga tsohon lofe. Akwai kuɗin da zai yi a kasuwa, akwai kuma shaidar da zai bayar game da zamanin da aka yi shi. Sau da yawa wanda ba ya kuɗi shi ne ya fi ba da shaida.

Asalin Lofe

Taba tsiron ƙasar Amurka ce. Mutanen asali na can sun daɗe suna shanta kafin Turawa su je, kuma ba su ɗauke ta abin wasa ba, gama da lofe su ke ƙulla amana, da shi su ke buɗe taro. A wani wuri cikin jihar Ohayo, a shekara ta 1846, waɗansu masu bincike biyu, Squier da Davis, suka tone wani tudu suka sami tukwanen taba na dutse wajen 200, an sassaƙa su da siffar tsuntsaye da dabbobi. Shekarunsu sun kusa 2000. Yawancinsu yanzu suna babban gidan kayan tarihi na Landan.

Turawa sun fara ganin shan taba a shekara ta 1492, sa'ad da mutanen Kolombus suka sauka tsibirin Kuba. Kafin shekara ɗari ta cika taba ta shiga Ingila, maginan tukwane kuwa suka soma yin lofe da farin yumɓu.

Lofen Yumɓu

Ga yadda a ke yinsa. A murza yumɓu ya yi tsawo, a bar gefe guda da kauri, a zura waya ta tsakiya don ta huda kafar hayaƙi, sa'an nan a matse shi cikin mazubi mai ɓari biyu, a shanya, a gasa. Sana'ar ta yi ƙarfi har a shekara ta 1619 Sarki James na Ɗaya ya ba masu yinta a Landan takardar izinin kafa ƙungiya, ko da ya ke shi kansa ya ƙi jinin taba, har ya rubuta littafin sukarta a 1604. Daga Ingila sana'ar ta ƙetare zuwa Holan, garin Gauda ya yi suna da ita, masu yi suka kafa tasu ƙungiyar a 1660.

To, abin da ya sa lofen yumɓu ya zama mashaidi shi ne rashin ƙarkonsa. Tukunyar girki ta kan shekara da shekaru a gida, amma lofe ba ya daɗewa sai ya karye. Saboda haka in an tono shi a ƙasa, ranar da aka yar da shi ba ta da nisa da ranar da aka gina shi. Ban da haka, siffarsa ta yi ta sakewa a hankali. Na farko kansu ɗan mitsitsi ne, domin a lokacin taba tsada gare ta ƙwarai. Da aka fara nomanta a Bajiniya ta ƙasar Amurka, daga 1612, ta yawaita ta yi araha, sai kan lofe ya riƙa girma, kararsa kuma tana ƙara tsawo. Wanda ya saba, da ganin kan lofe zai iya faɗin zamaninsa, kuskurensa ba zai wuce shekara ashirin ko talatin ba.

A shekara ta 1954 wani masanin tonon kufai, J. C. Harrington, wanda ya yi aiki a kufan Jamestown, garin farko da Ingilishi suka zauna dindindin a Amurka, ya lura da wani abin kuma. Ya ga kafar hayaƙin nan ta cikin kara tana ƙara tsukewa bisa ga tafiyar zamani. Ya raba inci ɗaya kashi 64, ya riƙa aunawa. Na tsakanin 1620 da 1650 yawancinsu kashi 8 ne, na 1650 zuwa 1680 kashi 7, na 1680 zuwa 1710 kashi 6, na 1710 zuwa 1750 kashi 5, na 1750 zuwa 1800 kuwa kashi 4. Amma wannan awo ba ya aiki da kara ɗaya. Sai an tara gutsattsari masu yawa daga wuri guda, na Ingila ne kuma, kāna lissafin ya tsaya daidai. Ashe ke nan tarin karyayyun kara, wanda ko yaro ba zai tsinta ba, ya kan faɗi shekarun gida ko na rijiya.

Abu na uku shi ne hatimi. Masu yi su kan buga farkon haruffan sunansu, ko wata alama, a gindin kan lofe. A Gauda an rubuta alamar kowa a littafin ƙungiya. Da mutanen wasu garuruwa suka shiga kwaikwayon aikinsu, sai wajen 1740 aka yarda su ƙara tambarin garin a jikin nasu. Jabu dai ya daɗe a cikin wannan sana'a.

Kumfar Teku

Lofen yumɓu na kowa da kowa ne. Na masu hali kuwa da wani farin dutse a ke yi, wanda Jamusawa suka sa wa suna mai ma'anar kumfar teku, saboda farinsa da rashin nauyinsa. Ba daga teku ya ke ba, haƙo shi a ke yi daga ramuka, mafi kyansa kuwa kusa da garin Eskishehir na ƙasar Turkiyya. In yana da danshi laushi gare shi, wuƙa tana cinsa kamar sabulu. A ƙarni na 19 birnin Biyana na ƙasar Ostiriya shi ne cibiyar masu sassaƙa shi. Suna fitar da kan mutum, ko doki, ko ƙafar gaggafa riƙe da ƙwai, su tsoma cikin narkakken kakin zuma, su sa masa baki na wani ƙaro mai ruwan zuma wanda ya daskare a ƙasa tun zamanin zamanna, su yi masa ɗan gida na fata daidai jikinsa.

Abin da masu tarawa ke nema gare shi rini ne. Dutsen yana tsotse man taba, saboda haka da shekaru sai farin ya juye rawaya, rawaya ta juye ja mai duhu. Wanda ya rinu bai ɗaya, sassaƙarsa ba ta ɓantare ba, bakinsa na asali ne, gidansa kuma yana nan, shi ne mai tsada. Akwai kuwa na ƙarya. A kan tattara ɓarɓashin da ya zuba wurin sassaƙa, a niƙa, a kwaɓa da danƙo, a matse. Ga ido kamar ɗaya su ke, amma matsattsen ya fi nauyi a hannu, kuma ba ya shan rini kamar na gaske.

Saiwar Biraya

Wajen tsakiyar ƙarni na 19 masassaƙan wani gari a duwatsun Faransa, San Kulod, suka fara aiki da wani itace wanda ya ture sauran duka. Sunansa biraya, yana tsirowa a ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, kamar su tsibirin Kosika, da Italiya, da Girka, da Aljeriya. Tsakanin saiwarsa da gindinsa akwai wani ƙullutu mai tauri wanda ba ya saurin cin wuta. A kan tono shi, a yayyanka, a tafasa sa'o'i da yawa don ruwan itacen ya fita, a ajiye watanni ya bushe.

A nan zanen itacen shi ne abin dubawa na fari. Wanda jijiyoyinsa suka miƙe tsaye daga gindi zuwa baki, a jere, matsattsu, shi ne mafi wuyar samu. Akwai kuma wanda zanensa ya fito ɗigo ɗigo kamar idon tsuntsu. Da ya ke ƙullutun a cikin ƙasa ya girma, sau da yawa akwai ɗan rami ko tsakuwa a cikinsa, masassaƙi ba zai sani ba sai ya kusa gama aiki. Masu arahar kaya su kan cike ramin da kwaɓi su shafe da rini. Ramin ƙarya ƙurarre ne, gama da lofen ya tsufa itacen zai yi duhu, cikon kuwa ya tsaya da launinsa, ya fito fili.

Cikin kamfanonin da suka yi suna akwai na Alfred Dunhill, wanda ya buɗe kantin taba a Landan a 1907, ya fara yin tukwanen kansa a 1910. A 1912 ya riƙa sa ɗan farin ɗigo a bisa bakin lofe don mai sha ya san gefen da ke sama, ɗigon nan ya zama tambarin kamfanin. Tun farkon shekarun 1920 kuma suna buga alamar da ke nuna shekarar da aka yi kowane ɗaya, shi ya sa masu tarawa ke son su, domin ba a gardamar shekarunsu. Dunhill kansa mai tara tukwanen taba ne daga ƙasashe dabam dabam, ya kuwa rubuta littafi a kansu a 1924.

Wanda ya san kan abin, in an miƙa masa tsohon lofen biraya, ba ƙyallinsa zai fara dubawa ba. Zai nemi hatimi ya ga ko yana karantuwa, gama yawan gogewa don a yi ƙyalli ya kan shafe shi, in ya shafu kuwa daraja ta faɗi. Zai duba bakin, wanda a kan yi da baƙar roba mai tauri, ko na asali ne ko an sake, ko haƙori ya huda shi. Zai leƙa cikin kan ko wuta ta ci itacen, ya duba mahaɗar kai da baki ko ta tsage. Lofen da ya dusashe amma ba a taɓa shi ba ya fi wanda aka yi wa kwaskwarima.

Raguwar Shan Lofe

A shekara ta 1881 aka yi rajistar injin naɗa taba sigari a Amurka, sigari ta yi araha, ta riƙa ture lofe a hankali. Bayan haka likitoci suka gano illar taba. A 1950 masu bincike biyu na Ingila, Doll da Hill, suka nuna dangantakar shanta da ciwon dajin huhu, a 1964 kuma gwamnatin Amurka ta fitar da rahoto mai tabbatar da haka. Lofe bai kuɓuta ba, yana jawo ciwon dajin leɓe, da na baki, da na maƙogwaro. Kyansa kyan ɗan maciji ne. Saboda haka wurin da ya dace da shi yanzu shi ne akwatin ajiya, inda a ke kallon aikin hannun masu yinsa.

Lofe a Afirka ta Yamma

Taba ta iso wannan sashi wajen shekara ta 1600, ta bakin teku da ta hanyar Sahara. Nan da nan malamai suka shiga muhawara kan hukuncinta, har Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya yi rubutu a kanta a 1607. Maginan ƙasa ba su kwaikwayi dogon lofen Turawa ba. Kan kaɗai su ke ginawa da yumɓu, da ɗan gajeren wuya, sa'an nan a soka kara ko itace mai rami. A 1962 wani masani, Paul Ozanne, ya jera irin waɗanda aka tono a wajen Ankara ta ƙasar Gana bisa ga siffarsu, ya nuna yadda suka yi ta sakewa tun ƙarni na 17. Daga nan masu tonon kufai suka sami ma'auni: ƙasar da aka sami lofen taba a cikinta, galibi ba ta riga shekara ta 1600 ba.

Amma wannan shaida tana rataye ne da wurin da aka sami abin, da zurfinsa, da abin da ke kusa da shi. Lofen da aka tone a ɓoye aka kai kasuwa, ba wanda ya san inda ya fito, ya zama kamar mashaidin da aka yanke wa harshe. Mai sayarwa ya sami ɗan abin cefane, garin kuwa ya yi hasarar labarin kakanninsa. Don tsare irin wannan aka kafa dokar kayan tarihi a Nijeriya a 1953, aka sake ta a 1979, ta hana fitar da su waje ba da izini ba.

Saboda haka manomi ko mai haƙar ƙasar gini, in ya tono kan tsohon lofe a kufai, kada ya kankare shi, kada ya ba yara su yi wasa. Ya lura da inda ya same shi da zurfin wurin, ya gaya wa dagaci ko mai unguwa, a sanad da ma'aikatan gidan kayan tarihi mafi kusa, kamar na Jos, ko Gidan Makama na Kano. Da tsohuwar zuma a ke magani.