Rawani da Mayafi a Tarihin Yammacin Zamfara

Duk wanda ya ga hawan salla a Anka, ko fitowar Sarkin Mafaran Gummi, ko ta Sarkin Dankon Bukkuyum, ga rawani ga alkyabba, dogarai na biye cikin jajayen riguna, zai ɗauka haka aka gaji abin tun kaka da kakanni. Ba haka ba ne. Suturar wannan yanki ta sha sauyawa, kuma in aka bi diddigin kowane sauyi, sai a tarar ko mai mulki ne ya kawo shi ko hanyar fatauci. Don haka tufa hujja ce ta tarihi, daidai da kundin malami ko bakin maroƙi.

Bayan da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara a shekarun 1760, sarakunan Zamfara sun yi ta ƙaura har suka zauna a Anka a farkon ƙarni na 19. A tsakanin nan ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma jama'arsa da rawani ake gane mazanta, da lulluɓi ake gane matanta. Da Sarkin Gobir Nafata ya tashi karya lagon jama'ar, cikin dokokin da ya kafa har da hana maza naɗa rawani da hana mata yafa mayafi. Sarki ba ya ɓata bakinsa a kan ƙyalle don kawai bai yi masa kyau ba. Nafata ya gane cewa mutum ya shigo kasuwa da rawani, ya riga ya faɗi wanda yake bi tun bai buɗe baki ba. Bayan jihadin 1804 sai reshe ya juye da mujiya: abin da aka haramta jiya ya zama alamar iko a ƙarƙashin Sakkwato, har a garuruwan Zamfarawan da biyayyarsu ga daular ba ta zo da sauƙi ba.

Ita kuwa rigar, ƙasa ce ta fara ba da ita. Mata su gurje auduga, su kaɗa zare da mazari suna dangwalar alli a yatsa, masaƙi ya fitar da siraran ƙwarya da faɗinsu bai wuce tafin hannu ba, maɗinki ya harhaɗa su, marini ya tsoma cikin baba, mabugi ya buge ta sai ta yi ƙyalli. Mai hali kuwa sai ya nemi rawani ɗan Kura daga ƙasar Kano, ko riga mai aska takwas aikin Nufawa. Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, ya bayyana yadda tufafinta suke kaiwa har Tambutu, kuma Zamfara na kan hanyar ayarin da ke nufar yamma. Turawa ne suka juya akalar. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, aka kafa injin gurzar auduga, sai audugar ta riƙa fita ɗanya tana dawowa akoko da atamfa. Masaƙar zamani da aka gina a Gusau bayan samun mulkin kai ta ɗan riƙe ragowar martabar, ita ma ta durƙushe. Yau shaddar ango a Gummi daga Kantin Kwari take zuwa, asalinta kuma Sin ko Ostiriya.

Wani zai ce wannan tarihin fada ne da attajirai, talaka abin da ya samu yake sawa. Akwai gaskiya a ciki, amma rashin riga ma magana ce. Manomin da ya shiga gona da walki na fata ko bante, sannan ya ajiye riga ɗaya tak don Juma'a da salla, ya san matsayin da rigar take ba shi. A kudancin Gummi da Bukkuyum, inda ake maƙwabtaka da Dakarkarin ƙasar Zuru, sutura ta daɗe tana nuna wanda ya karkata ga birni da addininsa. Kuma ba a fada kaɗai doka ke taɓa tufa ba: tun da Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a Oktoban 1999, hijabi ya ƙara ture gyale har a ƙauyuka, shekara kusan 200 bayan dokar Nafata.

Wani kuma zai ce ai shigar Anka ba ta bambanta da ta Sakkwato ko Katsina ba, to me za a nazarta? Wannan kamannin shi ne abin nazarin, domin yana nuna yadda daula ɗaya da kasuwa ɗaya suka haɗa garuruwan da a da kowane ke da sarkinsa da tsagarsa. Abin da ya rage na bambanci yana cikin adakar fada da ƙwaƙwalwar tsofaffin masaƙa da marina, waɗanda 'ya'yansu suka koma haƙar zinariya ko acaɓa. Ya kamata masarautun uku da sashen tarihi na Jami'ar Tarayya ta Gusau su ɗauki hoton tsofaffin rigunan nan, su naɗi bayanin dattawan, tun suna da rai.