Tsibirin Lete: yadda Nijar da Benin suka kai rigimarsu gaban alƙali

Bari mu koma bakin kogin Kwara, kusa da Gaya. Akwai wani tsibiri da ake kira Lete, makiyaya na kiwo a cikinsa, manoma na noma. Shekara arba'in da ɗoriya Nijar da Benin, wadda a da ake ce ma Dahome, suna ja-in-ja a kansa.

Asalin matsalar daga Turawa ne. Faransa ce ke mulkin ƙasashen biyu, don haka ba ta damu ta shata iyaka a cikin ruwa ba. Da aka samu ƴanci a 1960, kowa ya ce nasa ne. A ƙarshen 1963 abin ya yi zafi: gwamnatin Diori Hamani ta kori ƴan Dahome masu aiki a Nijar, aka kai soja bakin iyaka.

A Yulin 1964 shugabannin ƙungiyar OUA suka taru a Alƙahira, suka amince kowace ƙasa ta riƙe iyakar da ta gada ranar samun ƴanci. Ba wai sun ga iyakokin Turawa sun yi daidai ba ne. Sun dai san in aka fara gyara, ba mai iya cewa ga inda za a tsaya.

To, amma ina iyakar take a cikin kogi? A 2001, zamanin Tandja Mamadou da Mathieu Kérékou, ƙasashen biyu suka yarda su kai ƙara kotun duniya ta La Haye. Alƙalai suka binciki takardun mulkin mallaka, suka ga daga 1914 zuwa 1954 hukumomin Gaya ne ke tafiyar da tsibirin. Ranar 12 ga Yuli 2005 aka yanke hukunci: iyaka tana bin inda ruwa ya fi zurfi, hanyar jiragen ruwa. Cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9. A kogin Mekru kuwa, hujjar Benin aka ɗauka.

Kotun nan ba ta da soja ko jandarma da za su tilasta wa wata ƙasa. Hukuncin ya zauna ne don ɓangarorin biyu sun yi alkawarin bin sa tun kafin a shiga shari'a, kuma suka cika. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanville a 2023, ƴan kasuwa da direbobi suka ji a jikinsu. Ya kamata mu tuna ƙasashen nan biyu sun taɓa warware rigimar ƙasa ba tare da yaƙi ba.