Asalin Sana'ar Abincin Sayarwa a Dogon Daji da Kewaye

Sana'ar abincin sayarwa a Dogon Daji da sauran garuruwan ƙasar Tambuwal da Kebbe ta girmi kwalta da mota nesa ba kusa ba. Hanya da kasuwa su suka haife ta. Yankin yana kudu da birnin Sakkwato, a kan hanyar da ta nufi Jega, ita kuwa Jega a ƙarni na 19 tana cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya, kuma fataken goro masu zuwa Gwanja suna yada zango a cikinta. Tambuwal ma tsohon gari ne, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna. Duk inda ayari ya sauke kaya, ko kasuwa ta ci, dole a sami mai ciyar da baƙo.

Abincin matafiyi na farko fura ce. Manomi ya noma gero, matar gida ta surfa ta daka ta dunƙula, Bafulatana ta taho da nono daga ruga a cikin ƙwarya. Fura ta dace da tafiya domin tana riƙe ciki, tana kashe ƙishirwa, kuma mutum yana iya ƙunshe ta ya dama a inda rana ta tsayar da shi. Wannan ciniki na gero da nono tsakanin gari da ruga daɗaɗɗe ne a yankin, kuma har yau bai yanke ba.

Nama kuwa hurumin mahauta ne. Fawa sana'ar gado ce mai tsarinta, ƙarƙashin Sarkin Fawa, wanda ke lura da yanka da kuma sasanta 'yan sana'a. Daga gidajen mahauta aka sami masu tukubar tsire da balangu, da masu kilishi, waɗanda rani ne lokacinsu domin sai da rana mai ƙarfi nama ke bushewa. Garuruwan da ke kusa da Gulbin Zamfara sun ƙara da kifi, soyayye da banda.

Amma mafi yawan abincin da ake saye a waɗannan garuruwa ba a bakin titi ake dafa shi ba. A cikin gidaje ake yi, a hannun matan aure da ke kulle. Su ke soya ƙosai tun da asuba, su ke toya waina, su ke jefa ɗanwake, su ke tuƙa tuwon dawa da na shinkafa. Daddawar da ke cikin miya, mace ce ta dafa kalwa ta rufe ta har ta nuna. Ko tsiren da namiji ke gasawa a fili, ƙuliƙulin da aka barbaɗa masa daga turmin wata mata ya fito, wadda ta matse man gyaɗa ta sayar daban. Mai saye yakan san abincin da sunan gidan, ya san hannun mai shi, alhali bai taɓa ganin fuskarta ba. Ribar kan shiga adashi, daga adashi ta zama akuya, ko kayan ɗakin 'ya mace, ko kuɗin magani. Abin da ke haɗa madafa da kasuwa shi ne talla, kuma nan ne tsarin yake da rauni: yarinyar da ke yawo da faranti da hantsi sau da yawa ita ce wadda ya kamata a ce tana aji.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sannu a hankali mota ta karɓi aikin jaki da raƙumi, tasha ta gaji zango. Titin Sakkwato zuwa Jega, Yawuri da Kwantagora ya zama hanyar manyan motoci masu kai shanu da albasa kudu, musamman albasar Aliero da ke maƙwabtaka. Direba da yaron mota ba su da lokacin jiran talla, suna son wurin zama da abinci mai zafi ko da tsakar dare. Daga nan rumfunan abinci na bakin tasha suka samo asali, galibi a hannun zawarawa da dattijan mata. Teburin mai shayi ma ɗan wannan zamani ne. Burodi ya yawaita bayan an fara niƙa alkama a Legas a farkon shekarun 1960, Indomie da ƙwai kuwa sai daga shekarun 1990 suka hau teburin.

Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo wani sabon mai saye, wato ma'aikaci mai albashi: malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, ɗan sanda, daga baya kuma masu yi wa ƙasa hidima. Domin su aka fara buɗe gidajen abinci masu kujera da tebur, shinkafa da miya ta samu gindin zama, sakwara da teba suka shigo.

Shekarar 2023 ta girgiza sana'ar sau biyu. Ƙarancin takardun naira a farkonta ya sa masu shayi da masu tsire da dama suka koma karɓar kuɗi ta waya, sa'an nan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu ya ɗaga farashin hatsi, mai da sufuri. Masu rumfa sun iya ƙara kuɗin faranti. Matan cikin gida kuwa, da yake maƙwabta ne masu saye a wurinsu kuma da yawa bashi suke karɓa, sai dai su rage girman ƙosai. Su ne suka fi kowa ciyar da gari, kuma su ne mafi ƙarancin jari a cikin sana'ar.