Tarihin Neman Yardar Majiyyaci Kafin a Yi Masa Magani

Takardar da ake miƙa wa majiyyaci ko waliyyinsa ya sa hannu kafin a shiga da shi ɗakin tiyata tana da dogon tarihi, wanda akasarinsa a gaban malamai da alƙalai aka rubuta shi. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna mas'alar lamuni, wato wajabcin biyan diyya idan magani ya jawo ɓarna, har Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kasa likitoci gida biyar, inda ya bayyana cewa gwanin da ya yi aiki da izini kuma hannunsa bai kuskure ba babu lamuni a kansa, alhali jahilin da ya yaudari mutane da sunan likitanci shi zai ɗauki abin da ya ɓata.

A Amurka kuwa, shari'ar da ta kafa tubali ita ce ta Mary Schloendorff a 1914, matar da ta yarda a duba ta kawai, amma likitocin wani asibiti a New York suka cire mata ƙari tana cikin maganin barci. Alƙali Benjamin Cardozo ya tabbatar da cewa duk baligi mai hankali shi ke da ikon abin da za a yi wa jikinsa. A 1957 wata kotu a Kalifoniya ta ƙara sharaɗin cewa yarda ba ta inganta sai an sanar da mutum haɗarin da ke tattare da aikin.

Tsadar inshorar likitoci a shekarun 1970, sakamakon yawaitar ƙararraki, ita ta sa asibitocin Amurka suka buɗe ofisoshin kula da haɗari, waɗanda aikinsu shi ne gano abin da zai iya cutar da majiyyaci ko ya jefa asibiti cikin asara tun kafin ya auku. Da farko ɗabi'ar asibitoci ita ce rufe bakin likita idan an yi kuskure, sai dai asibitin tsofaffin sojoji na Lexington ya ɗauki hanyar bayyana kuskure da biyan diyya tun 1987, sannan binciken Wendy Levinson na 1997 ya nuna cewa likitocin iyali da ba a taɓa kai su ƙara ba sun fi ɗaukar lokaci suna bayani da sauraron majiyyaci.

Kano ta ɗanɗana kuɗar darasin neman yardar majiyyaci a annobar sanƙarau ta 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Asibitin Zana, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ne ba, kamfanin kuma ya ce ya nemi yardarsu da baki, kuma sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Zargin da abin ya bari yana cikin dalilan ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya yi wa majiyyaci bayanin cutarsa da hanyoyin magani da haɗarinsu da harshen da yake ji, gwargwadon iliminsa, domin sa hannu a takardar da mutum bai fahimta ba ba ya zama yarda.