Daga kwantak zuwa modul: tarihin wutar distiributa

Tsofaffin makanikai da dama suna ganin ranar da aka cire kwantak daga cikin distiributa aka sa ɗan baƙin modul a gurbinsa ita ce ranar da aka fara raba su da sana'arsu. Ƙorafin yana da tushe, amma tarihin abin bai goyi bayansa ba. Sauyin ya rage aikin yatsu ne, ya ƙara nauyin gane ciwo.

Tsarin kwantak ya fito daga hannun Charles Kettering da kamfaninsa Delco a birnin Dayton na Amurka, kuma Cadillac ta fara sa shi a motocinta a 1910. Ƙananan ƙarafa ne biyu da ke haɗuwa suna rabuwa. Duk rabuwa sai wutar da ke bi ta kwayil ta yanke, kwayil ya harba dubban bolt zuwa fulogi. A inji mai silinda huɗu da ke juyawa sau 3,000 a minti, rabuwa 6,000 ke nan kowane minti. Dole bakin ƙarfen ya ƙone, ɗan maƙallin da ke gogar kam ya cinye, tazara ta sauya, tayimin ya goce. Haka aka shafe sama da shekara 60 ana goge kwantak, ana saita tazararsa da geji. Abin da ya kawar da shi dokar tsaftar iska ce ta Amurka ta 1970. Fulogin da ya tsallake wuta yana tura ɗanyen fetur cikin salansa, kuma matatar hayaƙin da aka fara sa wa yawancin motocin ƙasar a 1975 ba ta jure wannan, ƙonewa take yi. Chrysler ta mayar da dukkan motocinta kan wutar lantarki marar kwantak a 1973, General Motors ta game motocinta da tsarin HEI a 1975. A sabon tsarin, haƙoran ƙarfe ne ke giftawa gaban maganaɗisu, su ba da alama, taransistar da ke cikin modul ta yanke wutar. Babu abin da ke gogar wani.

Masu kewar kwantak sukan ce shi yana gargaɗi kafin ya mutu, mota ta yi ta tari da gardamar tashi, kuma ko a tsakiyar daji ɗan sanfefa ya isa ya kai mutum gida, alhali modul yanke jiki yake yi ya faɗi. Wannan gaskiya ne, kuma suna da babbar hujja a shari'ar Ford. Daga 1983 zuwa 1995 kamfanin ya ɗaura modul ɗinsa na TFI a jikin distiributa a miliyoyin motoci, masu motoci suka yi ta kukan inji na mutuwa ana cikin tafiya, har wani alƙali a Kalifoniya ya ba da umarnin a janye motocin a gyara a 2000, aka sasanta a 2001. To amma duk wanda ya duba shari'ar zai ga mazaunin modul ɗin aka tuhuma, domin an manna shi inda zafin inji ke gasa shi. A wasu motocin Ford ɗin kanta ta ɗauke shi daga distiributa ta dasa shi nesa da inji, a kan farantin alminiyom mai shan zafi. Laifin na wurin zama ne, kuma alamarsa sananniya ce: mota ta mutu in ta yi zafi, ta tashi in ta huce.

A nan ne gwanintar yau take. A distiributar HEI, bayan an cire kan batir, an buɗe hula, an ɗaga rota, noti biyu kaɗai ke riƙe da modul, kuma ko yaron shago zai iya kwance su. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne farin man da ke ƙarƙashin modul. Sai an kankare tsohon da ya bushe, an shafa sabo siriri, domin ta cikinsa zafi ke ratsawa zuwa jikin distiributa. Wanda ya tsallake wannan ya sayi sabon modul ne don ya gasa shi. Kafin ma a kai nan, akwai tambayar abin da ya kashe na farkon. Kwayil mai ciwo ko wayar at da ta yi tsatsa za su cinye sabon kamar yadda suka cinye tsohon. Siraran wayoyin kwayil ɗin maganaɗisu, mai kai wa modul alama, kuma sukan karye daga ciki saboda motsin da suke yi, su ba da alama iri ɗaya da ta mataccen modul. Mita ce ke raba gardama, domin lafiyayyen kwayil ɗin maganaɗisu yana nuna tsakanin om 500 da 1,500.

Tsofaffin Honda na shekarun 1990 da har yau ke bin titunanmu suna ɗauke da irin wannan modul a cikin distiributarsu, ga kuma zafin bazara. Mai irin wannan mota ya nemi makanikin da zai gwada kwayil da at da mita kafin ya tura shi kasuwa sayen sabo.